Abin da Leimara Ta Karanta a Jikin Jarka

Leimara ba ta taɓa cewa tana son shiga ajin nan ba. Baba Taripoa ne ya rubuta sunanta, kuma sai da ya rubuta tukuna ya zo ya gaya mata.

Shekararta ta biyu ke nan tana zuwa aikin ayaba a ƙasar Turawa can ƙetaren teku, a wata gona da ke bayan garin Tully, ita da mutanen tsibirinsu na Nguna, su ashirin da uku, rabin shekara a gona, rabi a gida. Mata suna rumfa suna wanke ayaba suna jerawa a kwali, maza suna cikin gona. Baba Taripoa, wanda tun a gida dattijon coci ne, shi ne shugaban ayarin, shi ke shiga tsakaninsu da Denis mai gonar.

Wata rana Denis ya kira shi ya ce gwamnati ta ware kuɗi don a koya wa ma'aikatan da ke zuwa daga tsibirai sana'a. Za a turo malama ta koyar da yadda ake aiki da maganin ƙwari, Asabar biyu a jere, kyauta, har da takardar shaida. Sai dai dole a sami mutum goma, in ba su cika ba gwamnati ba za ta saki kuɗin ba. Gonakin maƙwabta sun kawo tara, saura ɗaya.

Da Baba Taripoa ya kawo maganar wajen cin abinci, maza suka yi kamar ba da su ake ba. Kalfau, yayan Leimara, wanda shi ke yi wa furen ayaba allurar magani tun zuwansa na farko, ya kwashe da dariya.

"Baba, shekara huɗu ina wannan aiki. Wace Baturiya ce za ta koya mini riƙe allura? Asabar ɗin da nake kiran matata in ga yarana, ita zan kai benci kamar ɗan firamare?"

Kowa ya san ba benci suke gudu ba. Da Turanci za a yi ajin, akwai kuma jarrabawa a ƙarshe, ba wanda yake so a ji ya faɗi. Leimara kuwa ta yi makaranta har aji goma, ita ke karanta wa mutane takardunsu. Shi ke nan, aka ce ita za ta cike gurbi.

"Malama Leimara ke nan," in ji Toumelu, ƙawarta da suke ɗaki ɗaya. "In kin dawo sai ki koya wa ayaba Turanci."

Ranar Asabar ta tafi da niyyar ta zauna a baya ta yi gyangyaɗinta. A wani zaure aka yi ajin, bayan filin ƙwallon garin. Malamar, sunanta Glenda, gajeriya ce mai furfura, ta ce ita ma a gona ta tashi. Ta jera jarkoki marasa komai a kan tebur, ta ɗaga ɗaya ta nuna jajayen haruffan da ke samanta. Ta ce duk jarkar da suka ga wannan rubutu, abin da ke ciki ba sai an sha yake kisa ba. Yana shiga ta fata, yana shiga ta numfashi, kuma ba rana ɗaya yake kayar da mutum ba. Kaɗan-kaɗan yake cin ƙarfin jiki, mutum yana yawo yana dariya, har ranar da ɗan ƙari zai zo ya ture shi.

Leimara ta dubi jarkar, gyangyaɗin ya sake ta. Fara ce mai shuɗin murfi. Irinta sak suka yanka biyu a bayan gidansu, a ciki take jiƙa kayan aikin Kalfau.

Malama Glenda ta shiga lissafa alamu a allo. Ciwon kan da ba ya jin magani. Zufa ko ba zafi. Yawu ya riƙa zuba. Fatar ido ko ta hannu ta riƙa rawa da kanta. Jiri da tashin zuciya. Sannan ta sa yatsa a ƙasan idonta ta ce su riƙa duba ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido. In ya tsuke ya zama kamar kan allura, ko a inuwa bai buɗe ba, kada a tsaya shawara da kowa.

Kusan duk wadda ta rubuta, Leimara ta riga ta gan ta a jikin Kalfau. Mako uku ke nan Kalfau yana karɓar ƙwayar ciwon kai a wajenta. Jiya ma da ta cire rigar matashin kansa za ta wanke, ta same ta sharkaf da yawu, har ta tsokane shi ta ce ya koma jariri. Fatar idonsa ta hagu kuwa, shi da kansa ya ce tana rawa ne don alheri na tafe.

Ta dubi hannayenta. Da su take cuɗa kayansa, ba safa ba komai.

Sauran ɗaliban suna ta tambaya. Ita kuwa ta rubuta duk abin da aka ce a yi in mutum ya faɗi. Da za a tashi, Malama Glenda ta raba musu ɗan kati mai lambar waya. Ta ce kada kowa ya fasa Asabar mai zuwa, domin daga ita kuɗin bana sun ƙare, ita ma ba ta san ko za a sake turo ta ba.

Da ta dawo, ta tarar da Kalfau a barandar gida yana ɓare gwangwanin kifi. Ta ajiye jaka ta tsuguna a gabansa.

"Yaya, ɗago ka kalle ni."

"Af, har an fara? Kwana ɗaya a aji kin zama likita?"

"Don Allah ɗago."

Ya ɗago yana murmushi. Hadari ya rufe sama, barandar ta yi duhu-duhu, amma ɗigon idonsa ya tsuke mitsitsi, da ƙyar ta gan shi. Ta zauna daɓas a siminti.

"Yaya, kana sa takunkumin da aka ba ka?"

"A zafin nan? Je ki sa na minti biyar ki gani. Numfashi ma sai ka roƙa."

"Safar hannu fa?"

"Ta yage tun wancan watan."

"Jarkar da kake goyawa, tana yoyo?"

"Kaɗan. Ta wajen murfi. Yana ma sanyaya mini baya."

Ta gaya masa duk abin da ta ji. Ya saurara har ta gama, sannan ya cusa cokali cikin kifin.

"Ƙanwata, Turawa komai tsoro suke ji. Su da ko rana sai sun shafa mai kafin su fito. Saura mako bakwai mu tafi gida. In na sha iskar teku, duk wannan zai wuce. Kada in ji maganar nan a bakin kowa, kin ji ko?"

Washegari bayan sujada, ta tsaya har mutane suka watse, ta sami Baba Taripoa a ƙarƙashin mangwaron da ke gefen gida yana naɗe tabarmi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗa masa halin da Kalfau yake ciki. Tana magana yana waige-waige.

"'Yata, yi ƙasa da murya," ya ce. "Me kike so in yi?"

"A gaya wa Denis a cire shi daga allura, a kai shi a auna jininsa. Shi da sauran masu feshi."

"In an kai shi asibiti, likita zai rubuta. In ya rubuta, hukuma za ta zo gona. In hukuma ta zo, wa kike jin zai ji a jikinsa? Denis? Shi ƙasarsa ce. Ba zai kore mu ba, ba zai ɗaga mana murya ba. Baɗi kawai in lokacin kiran suna ya yi, sai ya kira mutanen wani tsibiri. Kin san mutanen nan da muka gada a gidan nan? An ce ƙara suka kai kan wani abu, ba a sake ganin ko ɗayansu ba."

"An ce, Baba. Ba wanda ya tabbatar."

"To ke za ki tabbatar mana da gidaje ashirin da uku?" Ya sauke numfashi, ya sassauta. "Ni ma ɗana ne Kalfau, a hannuna aka yi masa baftisma. Ba ni 'yan kwanaki. Zan lallaɓa in ce bayansa ke ciwo, a mai da shi ɗaukar kaya. A hankali ake bin irin wannan. Mu sa shi a addu'a."

Ta lura har yanzu bai daina waige-waige ba. Sai ta gane shi ma tsoron yake ji, abin ya ƙara kashe mata jiki, domin ta zo ne da fatan ta sauke nata a wajensa.

Litinin da sassafe ta ɗauki rabin jarkar nan ta kai bola. Toumelu ta biyo ta da faɗa.

"Ke, lafiyarki? A ina za mu jiƙa kaya? Wannan boko naki ya fara taɓa ki."

Ta ba Kalfau safar wanke-wanke ta kicin, ya karɓa ya cusa a aljihun baya don kawai ta ƙyale shi. Daga ranar ba ta ƙara samun natsuwa a rumfa ba. Duk sanda ta ji ƙarar tarakta ta taho daga gona, sai ta ɗaga kai ta ga ko ayaba aka ɗauko ko mutum. Sau biyu aka dawo mata da kwali don ta haɗa manya da ƙanana. Abinci ya daina shiga. Ita ma kanta ya fara sarawa, ta rasa ko maganin ne ya kama ta ko fargaba. Kullum da hutun rana sai ta shiga bayi ta leƙa idonta a madubi.

Ranar Talata ta fito da katin Malama Glenda, ta danna lambar. Da ta ji ya fara ringin sai fuskokin mutanen gida suka zo mata, mai son rufa ɗaki kafin lokacin guguwa, mai 'ya'ya uku a makarantar kwana. Ta kashe wayar. Ranar Laraba ta tambayi Baba Taripoa ko ya yi maganar, ya ce Denis ya tafi gari, sai gobe.

Ranar Alhamis ruwa ya ɗauke, rana ta buɗe da wani irin zafi mai ɗanɗanon tururi. Wajen ƙarfe sha ɗaya tarakta ta taho a guje, ba irin tafiyar mai ɗauke da ayaba ba. Tun kafin ta tsaya Leimara ta saki kwalin da ke hannunta.

Kalfau ne kwance a bayanta, maza biyu sun riƙe shi. Suka sauke shi a bakin rumfa. Jikinsa duk yana karkarwa, zufa kamar an tsamo shi daga kogi, yawu yana dalala har wuya, ƙirjinsa na wani gurgur in ya ja numfashi. Ya yi amai a rigarsa. Mata suka sa kuka.

"Rana ce ta buge shi," in ji wani. "A kawo ruwan sanyi!"

"A ɗura masa madara," in ji wata. "A sa masa yatsa ya amayar da sauran."

Denis ya fito daga ofis da gudu, ya duba, ya ce zafi ne, a kai shi ɗakin sanyi ya huta, in bai warware ba nan da rabin sa'a zai kai shi gari da kansa. Baba Taripoa ya gyaɗa kai da sauri, ya ce a ɗauke shi.

Leimara ta kutsa ta durƙusa, ta ɗaga fatar idon yayanta da gefen rigarta. Ɗigon ya kusa ɓacewa. Warin maganin ya daki hancinta. Bayan rigarsa gaba ɗaya ya jiƙe, kuma ba zufa kaɗai ba ce.

"Murfin ne ya fita," ɗaya daga cikin mazan ya faɗa a hankali. "Ya zubo masa tun safe. Ya ce zai bushe."

Ba ta san lokacin da murya ta fito daga bakinta ba.

"Kada wanda ya ba shi komai! Ku sake shi, ku wanke hannuwanku! Toumelu, jawo tiyo! Miƙo mini safa da wuƙar can!"

Aka yi cirko-cirko. Ba a taɓa jin Leimara ta ɗaga murya a gaban maza ba. Toumelu ce ta fara motsi. Leimara ta zura safar rumfa, ta yanke rigar Kalfau daga wuya har ƙasa, ta yanke wandon, ta ture su gefe da ƙafa. Yayanta ne, a al'ada ko inda yake wanka ba ta bi, amma ba ta ko tuna ba. Ta juya shi ya kwanta ta gefe don kada yawun ya shaƙe shi, ta ce Toumelu ta sakar masa ruwa, kada ta tsaya. Ta tura wani ya ɗauko jarkar da aka zuba maganin daga cikinta.

Sannan ta ciro wayarta. Baba Taripoa ya matso ya kama hannunta.

"'Yata, mai gida ya ce zai kai shi. Ki yi tunani."

"Baba, sakar mini hannu. Ba zai kai rabin sa'a ba."

Ta danna sifili uku, lambar neman agajin gaggawa. Denis yana tsaye taku biyu daga gare ta, yana jin komai. Da muryar mace ta amsa, Turancin Leimara duk ya watse. Da ƙyar ta ce ɗan'uwanta ne, guba ce, maganin ƙwari ne ya zubo masa. Matar ta tambayi sunan maganin. Sunan dogo ne, ba ta iya faɗa ba, sai ta sa yatsa a jikin jarkar tana karanto shi harafi-harafi. Matar ta tambayi inda gonar take. Nan ta tsaya cak, domin ba ta san sunan hanyar ba, motar gona ce kullum ke kai su tana dawo da su.

Ta ɗaga kai ta dubi Denis. Fuskarsa ta yi fari fat. Ta miƙa masa wayar, ba ta san ko zai karɓa ko zai kashe ba. Ya karɓa. Ya faɗi sunan hanya da lambar ƙofa, ya ce zai tura mutum bakin titi ya tare su.

Minti ashirin motar asibiti ta yi kafin ta iso. Leimara ta yi su ne a durƙushe cikin ruwa, tana share bakin Kalfau, tana kiran sunansa, tana ƙirga numfashinsa. Sau biyu ya yi shiru har ta ce shi ke nan, sai ya sake ja. Ma'aikatan suna sauka suka duba idonsa, suka duba jarkar, suka yi masa allura tun a ƙasa, suka ƙara wata a mota. Ɗayansu ya tambaya wa ya tuɓe shi ya wanke shi. Toumelu ta nuna Leimara da baki.

Daga asibitin garin aka wuce da shi babban asibiti. Kwana biyu yana kwance da robobi a hanci. Likitar ta ce zai tashi, amma jikinsa ya daɗe yana shan abin, ba na ranar kaɗai ba ne. Ta sa aka ɗebi jinin sauran masu feshi huɗu, da na Leimara da ta ji ita ke wankin. Ta ce sakamako sai bayan mako guda. Ta kuma ce dole ta sanar da hukuma, doka ce.

Ranar Juma'a mutum biyu suka zo gona da farar mota. Suka buɗe ɗakin ajiyar magani, suka ɗauki hotuna, suka tafi da jarkar goyon, suka hana feshi sai an gyara abin da suka lissafa. Denis ya wuce ta gaban Leimara sau uku a rumfa, bai kalle ta ba. A gida ma ba wanda ya zage ta. In ta shigo kicin dai hira takan mutu, in ta fita ta ji an ci gaba ƙasa-ƙasa. Wata mata da suke raba gishiri tun suna yara ta ɗauke tukunyarta ta koma ɗaya murhun.

"Rabu da su," in ji Toumelu. "Da gawa muka ɗauka zuwa gida, da yanzu suna cewa don me ba ki yi magana ba."

Amma ita ma Toumelun, da ta faɗa sai ta yi tagumi.

Ranar Asabar Leimara ta yi niyyar ƙin zuwa aji. Sai ta tuna in ba ta je ba mutum tara ne, wataƙila ta jawo wa sauran asara. Ta fito bakin hanya jiran mota, ta tarar da biyu daga cikin masu feshin suna tsaye sanye da rigunan coci.

"Ina zuwa?" ta tambaya.

Babban ya sosa ƙeya. "Mun ce ko malamar nan taku za ta bari mu zauna. Ko a baya ne. Ke sai ki riƙa juya mana."

Malama Glenda ta riga ta ji labari, garin ƙarami ne. Ta ce mutum goma gwamnati ta biya wa, ba ta da ikon ba su takarda, amma kujera ba ta gwamnati ba ce, su jawo su zauna. Ta kama kafaɗar Leimara ta ce ta yi daidai. Leimara ta so ta tambaye ta, in daidai ne me ya sa har yanzu hankalinta bai kwanta ba, amma Turancin bai zo ba. Ta rubuta jarrabawa, ta ci. Mazan biyu suka yini suna gwada takunkumi, suna yi wa juna dariya, suna tambayar ko za a sake yin ajin don sauran. Malamar ta ce ita ma jira take ta ji.

Sakamakon jini ya fito. Biyu daga cikin mazan an ce su nisanci magani wata uku. Na Leimara ya ɗan taɓu, amma an ce zai koma daidai da kansa. Kalfau ya dawo ya rame, aka sa shi liƙa takarda a kwali tare da mata, ya daina yawan dariya. Denis ya sayo sababbin kaya, ya sa famfon wanka a bakin ɗakin magani, an kuma ce an ci shi tara. Ranar tafiya ya zo filin mota ya yi musabaha da kowa, har da ita. Bai ce sai baɗi ba, alhali bara ya faɗa.

Wata huɗu suka yi a Nguna ba labari. Duk jirgin da ya tsaya a gaɓa, sai mutane su bar abin da suke yi su leƙo. Leimara ta daina zama a layin gaba a coci. In ta je ɗiban ruwa takan zaɓi lokacin da babu kowa.

Da takardar sunayen waɗanda gona ta sake kira ta iso, Baba Taripoa ya karanta ta a gaban coci bayan sujada. Suna goma sha shida. An ce ayaba ta faɗi a kasuwa, gona ta rage hannu, gonakin maƙwabta ma an ce sun rage. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, babu mai iya sani. Sunan Kalfau ba ya ciki. Nata ma babu. Sauran biyar ɗin da aka bari ba su ce mata komai ba, amma matar ɗayansu ta tsaya ta kalle ta tsawon lokaci kafin ta ja ɗanta suka wuce.

Da la'asar Baba Taripoa ya zo gidansu. Ya ƙi hawa kujera, ya zauna a kan kututturen kwakwa, ya daɗe yana juya hularsa.

"Na yi wa matar da ke ofishin tura ma'aikata a Vila, babban birni, maganarki," ya ce. "Na ce kina da takardar magani. Ta ce akwai gonar lemo can kudancin ƙasar da muke zuwa aiki, wajen sanyi, suna neman mai irinta ta riƙe musu ɗakin ajiya. Mutum ɗaya suke so. Ba namu ko ɗaya a wurin." Sannan ya ƙara, "Ranar nan na kama miki hannu. Ban manta ba."

Ta ce, "Ya wuce, Baba."

Kwana uku tana juya maganar. Ba ta taɓa kwana a inda ba mai jin yarenta ba. Ta san kuma irin aikin: ita za ta riƙa tsayawa a ƙofa tana ce wa mazan da ba ta sani ba su koma su sa safa, wata rana ma ta ce wa mai gona a'a. A rana ta huɗu ta aika ta ce ta amince.

Kalfau ne ya tsallakar da ita zuwa babban tsibiri a jirgin kawunsu, wanda yanzu shi ke tuƙawa yana jigilar mutane da kayan kasuwa. Teku ta ɗan tashi, ruwa yana fantsamo musu. Ta rungume jakarta a ƙirji har suka yi rabin hanya.

"Tsoro kike ji?" ya tambaya.

"Sosai."

"Ke da kika yi wa maza goma tsawa?"

"Ranar ma tsoron nake ji, Yaya. Ya fi na yau."

Ya rage wuta don igiyar ruwa ta wuce, sannan ya ƙara. Da suka iso gaɓa ya ɗaure jirgi, ya ɗauki akwatinta a ka har bakin titi, ya tsayar mata da motar Vila. Ya ce wa direban ya sauke ta a ƙofar filin jirgi, ba a bakin hanya ba. Ta shiga ta zauna kusa da taga, tsakanin wata tsohuwa da kwandon gwaza, motar ta tashi.